Jinyar Kyanwa Mai Ciwon Daji, Daga Ranar da Aka Ga Ƙari Zuwa Ranar Yanke Shawara

Kyanwa dabba ce mai ɓoye ciwo. Kare in ƙaya ta soke shi, sai unguwa ta ji. Ita kuwa sai ta nemi ƙarƙashin gado ko bayan randa ta lafe, ta rage ci, ta daina hawa katanga, mutanen gida su ce ai tsufa ne. Wannan ne ya sa sau da yawa ba a kai ta wurin likitan dabbobi sai abin ya yi nisa, kuma shi ne ya sa jinyarta ba ta yiwuwa da kallon ido da zato kawai. Sai an haɗa da awo da rubutu. Saboda haka kafin ka sayi ko ƙwaya ɗaya, nemi ƙaramin littafi da biro, da sikelin da zai iya nuna bambancin giram 50, ko na auna jarirai ko na ratayawa irin na kasuwa. Duk shawarar da za ta biyo baya, har ta ƙarshe, daga littafin nan za ta fito.

A fara tabbatarwa

Ba kowane ƙululu ne daji ba. A jikin muzuru mai yawon dare, kumburin da ya taso cikin kwana biyu ko uku, mai zafi, yana ƙin a taɓa, galibi mugunya ce ta taru a inda wani ya cije shi. A jikin 'yar matashiyar kyanwa kuma nonuwa kan kumbura gaba ɗaya saboda sinadarin haihuwa, ba tare da daji ba. Wanda ake tsoro shi ne ƙari mai tauri, marar zafi da farko, mai girma a hankali, wanda ya manne da naman ƙasa ba ya zamewa in an tura shi.

Hannu ba ya tantancewa, ko da na likita ne. Ana soka siririyar allura a zuƙo ƙwayoyin ƙarin a duba a madubin likita, ko a yanko ɗan guntu a sa a ruwan fomalin a aika ɗakin gwaji. Asibitocin koyarwa na likitancin dabbobi, irin na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya da na Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato da na Jami'ar Maiduguri, su ne wuraren da ya kamata a fara tambaya idan asibitin garinku ba ya yin wannan. Nemi a haɗa da gwajin jini na ƙoda da hanta, da gwajin FeLV da FIV, ƙwayoyin cuta biyu masu raunana garkuwar jikin kyanwa, da hoton ƙirji. Hoton ƙirjin a yi shi kafin tiyata, domin in ciwon ya riga ya sauka a huhu, yanke na waje wahala ce kawai aka ƙara mata.

Kuskure biyu ake yawan yi a nan. Na farko, a cire ƙari a jefar ba a aika gwaji ba, sai a rasa sanin me aka cire da ko an cire shi duka. Na biyu, a fara ba ta firednisolon ko a yi mata allurar deksametason kafin a ɗauki samfur. Waɗannan magunguna suna narkar da ƙwayoyin limfoma, wato dajin fararen ƙwayoyin jini, na ɗan lokaci, sai gwaji ya fito babu komai alhali ciwon na nan.

Wani gargaɗi da ya shafi ƙasashenmu: dajin baki yana sa dalalar yawu da ƙin ci, haka ma ciwon haukan kare. In kyanwa mai fita waje ce, ba a taɓa yi mata rigakafi ba, kuma halinta ya sauya farat ɗaya, kada ka sa yatsa a bakinta don ka leƙa. Sa ta a kwando mai murfi ka kai ta.

Wane iri ne, kuma me ake sa rai

Limfoma ita ce ta fi yawa a kyanwoyi. A tsofaffi takan kama hanji: amai, zawo, rama duk da ana ci. A ƙanana masu ɗauke da FeLV takan kama ƙirji, ruwa ya taru, numfashi ya yi wuya. Kuma iri biyu ce, bambancinsu kamar sama da ƙasa. Mai ƙananan ƙwayoyi tana tafiya a hankali, kuma da ƙwayoyin sha biyu a gida, firednisolon da kilorambusil, kyanwoyi da yawa suna kai shekara biyu ko fiye cikin walwala. Mai manyan ƙwayoyi tana da sauri. Da allurar kemo, wato maganin kashe ƙwayoyin daji, ana maganar watanni ne ga waɗanda jikinsu ya karɓa, da firednisolon kaɗai kuwa wata ɗaya zuwa biyu. Don haka in an ce maka limfoma ce, tambayarka ta gaba ita ce: wacce?

Dajin nono shi ne ya kamata duk mai kyanwa mace ya sani. Nonuwanta takwas ne, huɗu kowane gefe, kuma cikin ƙari goma da za a samu a wurin, takwas zuwa tara mugaye ne. Girmansa ranar tiyata shi ne ke faɗin kusan komai. In bai kai santimita 2 ba, ana iya samun shekara uku ko fiye. In ya wuce santimita 3, yawanci ba a cika shekara. Wato watannin da aka yi ana cewa bari mu gani su ne ake biya da rayuwarta. Aikin da ya dace shi ne cire layin nonuwan gefen gaba ɗaya tare da kaluluwar da ke kusa, ba ɗan ƙululun kaɗai ba. Allurar hana haihuwa ta mutane da wasu ke yi wa kyanwa don ta daina zuba 'ya'ya tana ƙara haɗarin wannan ciwo, yayin da cire mahaifa da ƙwayayen haihuwa kafin ta cika wata shida yake rage shi da kusan kashi 90 cikin ɗari.

Dajin fata na rana yana kama farar kyanwa ko mai farin kunne da jan hanci. Yana farawa kamar ɓawon ciwo a bakin kunne wanda ba ya warkewa, ya bushe ya dawo. Da irin ranar da muke da ita, wannan ba baƙon abu ba ne. In an yanke kunnen da wuri, sau da yawa shi ke nan an gama. Amma irin wannan dajin in a baki ya fito, ƙarƙashin harshe ko a muƙamuƙi, labarin daban ne: wata ɗaya zuwa uku aka fi samu, kuma yunwa da zafi ne ke kawo ƙarshen.

Akwai kuma ƙarin da kan fito a gurbin allura. Ƙa'idarsa mai sauƙin riƙewa ce: in kumburin ya wuce wata uku, ko ya fi santimita 2, ko yana ci gaba da girma bayan wata ɗaya da yin allurar, a ɗauki samfur.

Zaɓen hanya

Hanyoyi uku ne a zahiri: tiyata, kemo, ko jinyar sauƙaƙawa wadda ba ta neman warkarwa. Gasa ƙari da hasken na'ura da wuya a same shi don dabba a yankinmu. Tambayi likita abu huɗu ka rubuta amsarsa: in an yi wannan, wata nawa ake sa rai? In ba a yi ba fa? Sau nawa za a riƙa kawo ta? Nawa ne jimillar kuɗin, har da gwajin jini na bibiya, ba na ranar farko kaɗai ba?

Kemo a kyanwa ba kamar na mutum ba ne. Ana ba da shi da sauƙi don ta ji daɗin kwanakinta, gashinta ba ya zubewa sai dai gashin baki wani lokaci. Amma kyanwar da duk tafiya asibiti ke sa ta fitsari a kwando ta kwana biyu a ɓoye, kai ta kowane mako zalunci ne da sunan magani. Wanda ya zaɓi sauƙaƙawa saboda halin dabbarsa ko halin aljihunsa bai yi laifi ba, muddin ya yi ta da gaske.

In an rubuta kilorambusil, maganin kemo na sha wanda ake sayarwa da sunan Leukeran, a riƙe waɗannan: a firji yake zama, tsakanin digiri 2 da 8, don haka a yi tunanin wutar lantarki tun kafin a saya. Ba a fasa shi, ba a daka shi. Da safar hannu ake taɓa shi, haka ma kashinta da fitsarinta da amanta na kwana uku bayan ta sha. Mai ciki da mai shayarwa da yara su nisanci wannan aiki. Kuma gwajin jinin da likita ya sa ba ado ba ne, maganin yana rage ƙwayoyin jinin da ke yaƙar cuta.

Zafi, da yadda ake gane shi

Kada ka jira ta yi kuka. Gurnanin nan mai taushi da take yi in ana shafa ta ma ba shaidar lafiya ba ne, tana yin sa ko tana cikin azaba. A 2019 masu bincike a Jami'ar Montreal ta Kanada suka fitar da ma'aunin karanta zafi a fuskar kyanwa, kuma kowa na iya amfani da shi. Ka kalle ta daga nesa na rabin minti tana farke, ba a taɓa ta ba, ka duba abu biyar: kunnuwa, ko suna tsaye suna kallon gaba ko sun baje gefe, idanu, a buɗe ko a tsuke, baki, a sake ko a ɗaure, gashin baki, a lanƙwashe ko a miƙe cirko-cirko, kai, sama da kafaɗa ko a sunkuye. Kowanne ka ba shi 0, 1 ko 2. In jimilla ta kai 4 cikin 10, tana bukatar maganin zafi ko ƙarinsa. Haɗa da abin da ka sani na halinta: ta daina lasar jiki har gashi ya cukurkuɗe, tana zama a dunƙule, ko wadda da kyanwar Lami ce, ba cizo ba yaƙushi, yanzu tana kai wa hannu hari.

Yanzu abin da ya fi kashe kyanwoyi a hannun masu ƙaunarsu. Farasitamol, wato Panadol da 'yan uwansa, guba ne gare ta. Hantarta ba ta da isasshen sinadarin da ke sarrafa shi, sai ya lalata jini ya kasa ɗaukar iska: dasashi ya koma ruwan ƙasa, fuska da tafin ƙafa su kumbura, ta mutu cikin kwana ɗaya zuwa uku. Ƙwaya ɗaya ta isa, har guntunta ma, haka ma na ruwa na yara. Ibufurofen da dikilofenak suna kashe ƙoda su huda ciki, har wanda ake shafawa a gwiwa in ta lasa. Kada ka nemi shawarar mai kemis a kan dabba.

Waɗanda likita zai iya rubutawa, don ka gane abin da ke takardar: meloksikam, kimanin miligiram 0.05 ga kowane kilo sau ɗaya a rana ko ƙasa da haka, tare da abinci. Sharaɗinsa ƙoda lafiyayya da jiki mai ruwa. Ranar da ta ƙi ci, ko ta yi amai ko zawo, ba a ba ta. Kuma ba a taɓa haɗa shi da firednisolon, haɗin yana huda hanji. Gabafentin, miligiram 5 zuwa 10 ga kilo, sau biyu ko uku a rana, yana sa barci da tangaɗi a kwanakin farko, ana rage shi ga mai ciwon ƙoda. Bufurenofin, inda ake samunsa, shi ne mafi dacewa da zafi mai tsanani, ana ɗiga shi a gefen kunci ya shiga ta fatar baki kowane awa shida zuwa takwas. Tiramadol yana aiki, amma ɗacinsa kan sa ta kumfar baki har ta tsani hannunka. Firednisolon kuma yana ƙara ƙishirwa da fitsari, yana iya jawo ciwon suga, kuma ba a yanke shi rana ɗaya, a hankali ake ragewa.

Maganin zafi bisa agogo ake ba da shi, ba sai an ga ta shiga wahala ba. Wajen ba da ƙwaya, naɗe ta a tawul kai kaɗai a waje, ɗaga kan sama kaɗan, saka ƙwayar can bayan harshe, sannan ka bi da ruwa mililita 3 zuwa 5 da sirinji ta gefen baki. Busasshiyar ƙwaya kan maƙale a maƙoshi ta yi gyambo. Kada ka ɓoye magani mai ɗaci a cikin abincin da ta fi so, za ka rasa maganin ka rasa abincin.

Ci da sha

Kyanwa mai kilo 4 tana bukatar kalori wajen 200 a rana ko tana kwance. Dafaffen ƙwai ɗaya ya kai 70 da ɗoriya, giram 100 na dafaffiyar tsokar kaza wajen 165, ƙaramin ƙunshin jiƙaƙƙen abincin kyanwa mai giram 85 kuma tsakanin 70 da 90. Da wannan lissafi za ka san ko lasar da take yi ci ne ko ɗanɗano. Raba shi kashi biyar ko shida. Ɗumama shi ya kai ɗumin jiki, don da hanci take ci. Zuba a faranti mai faɗi, ka ɗaga shi kaɗan daga ƙasa, ka ɗauke abin da ta bari bayan minti 20 kafin ƙuda da zafi su lalata shi.

Romon gida da miya ba nata ba ne, domin albasa da tafarnuwa suna fasa jajayen ƙwayoyin jininta, ga gishiri da dunƙule. A dafa mata nata daban, kaza ko kifi da ruwa zalla, a cire ƙaya. Madara tana sa yawancinsu zawo. Ɗanyen nama a bar shi, musamman ga mai shan kemo. Hanta kaɗan, ba kullum ba. In makonni suka rage mata, duk abin da ta yarda ta ci shi ne daidai. In ana sa ran watanni ko shekaru, tsokar nama zalla ba ta wadatar ba, sai an haɗa da cikakken abincin kyanwa na kanti.

Ƙin ci na awa 24 dalili ne na kiran likita. Kyanwar da ta kwana uku zuwa biyar ba ci, musamman mai ƙiba, kitse kan taru a hantarta ya zama ciwo na biyu. Amma ɗura ba ita ce mafita ba. In ta matso ta shinshina, ta lashi leɓe, ta juya kai, tashin zuciya ne ke damunta, kuma ɗura na iya sa ta tsani abincin, ko ya sarƙe ta ya shiga huhu. A fara da maganin tashin zuciya, marofitan da ake kira Cerenia, miligiram 1 ga kilo a rana, ko ondansetiron. Sannan mai buɗe ciki, mirtazafin, kashi ɗaya cikin takwas na ƙwaya mai miligiram 15, kullum ko bayan kwana bibbiyu ga mai ciwon ƙoda. In ya yi yawa za ka ji tana ta kuka tana kai da kawowa. Akwai kuma bututun ciyarwa da ake sawa ta gefen wuya. Yana da amfani ƙwarai ga wadda ake sa ran za ta farfaɗo bayan tiyata. Ga mai dajin baki da ya ci muƙamuƙi, yana cika ciki ne ya bar zafin yadda yake.

Ruwa kuwa, wajen mililita 50 ga kowane kilo a rana, har da na cikin abinci. Ajiye kwano biyu ko uku a wurare daban, nesa da wurin kashinta. Taɓa dasashi: in yana danƙo kamar ƙaro, ruwan jiki ya yi ƙasa. Likita na iya koya maka ƙarin ruwa ta ƙarƙashin fatar kafaɗa, galibi mililita 75 zuwa 100 a lokaci guda, amma ba a yi wa mai ciwon zuciya ko mai ruwa a ƙirji.

Gyambo da makwanci

Ƙarin nono da na fata sukan fashe. Tafasa rabin lita na ruwa, zuba ƙaramin cokalin shayi na gishiri a shafe, bari ya huce, ka wanke wurin da auduga sau biyu a rana, kana dannawa a hankali ba gogewa ba. Dettol da Izal da duk mai irin warinsu guba ne ga kyanwa, tana lashewa kuma yana shiga ta fata. Toka, baƙin mai da garin batir ba su da wuri a nan. In wari ya tashi, likita na da maganin shafawa na metironidazol. Sa mata 'yar singiletin jariri don ta daina lasa, a sauya kullum. Babban abokin gaba shi ne ƙuda: cikin yini ɗaya ƙwansa ke zama tsutsa. Gidan sauro a kan kwalinta ya fi kowane feshi, kuma kada a kusanto da Sniper ko fiya-fiya ko maganin ƙuman kare inda take.

Sauko mata da komai ƙasa. Kwali mai tsumma mai laushi a ɗaki marar hayaniya, tiren yashi mai gajeren baki taku kaɗan daga nan. Da bazara a bar mata siminti mai sanyi ko gindin randa. Da hunturu ramammiyar kyanwa ba ta riƙe ɗumi, a naɗe gorar ruwan ɗumi a tsumma a ajiye gefe guda yadda za ta iya matsawa. Goge mata fuska da gindi da jiƙaƙƙen tsumma mai ɗumi tunda ta daina yi wa kanta. Ciwon dajinta ba ya yaɗuwa zuwa mutum, yara na iya zama kusa da ita, a dai hana su ɗaukarta.

Littafin, da iyakar da za ka shata tun yanzu

Kowace rana rubuta abin da ta ci, amai ko zawo, makin fuska, da numfashi. Numfashin tana barci ake ƙirgawa, na daƙiƙa 30 a ninka biyu. Ƙasa da 30 a minti lafiya, sama da 40 a kira likita a ranar. Nauyi sau ɗaya a mako: giram 200 a jikin mai kilo 4 kashi biyar cikin ɗari ne, ba ƙaramin abu ba. A ƙarshen shafi sa alama ɗaya, rana mai kyau ko marar kyau.

Sau ɗaya a mako yi cikakken awo. Likitar dabbobi Alice Villalobos ta Amurka ta tsara ma'auni mai abu bakwai: zafi da numfashi, ci, sha, tsabta, walwala, motsi, da rinjayen ranaku masu kyau. Kowanne daga 0 zuwa 10, kuma sama da 35 cikin 70 na nufin jinya na da ma'ana. Ba hukunci ba ne, kyanwar da ta samu 45 amma tana haki ta riga ta faɗi awon. Amfaninsa shi ne ka ga inda lambar ta dosa mako bayan mako, abin da idon mai ganinta kullum ba ya kamawa.

Tun tana da sauran ƙarfi, zauna da mutanen gida ku rubuta abu uku da ta fi so, misali kwanciya a hantsi, tarbar mai gida a ƙofa, zuwa in ta ji ƙarar kwano. Ku kuma rubuta iyakoki: in biyu cikin ukun nan sun tafi, in ta yi kwana biyu ba ci duk da magani, in makin zafi ya ƙi sauka ƙasa da 4, in tana kwanciya cikin fitsarinta, in ranaku marasa kyau sun rinjayi masu kyau mako biyu a jere. Dalilin rubutawa da wuri shi ne ranar da abin ya zo zuciya za ta yi ta kawo uzuri. Kuma kusan kullum akan samu wata rana guda da za ta tashi ta ci ta yi wasa. A ji daɗin ranar, amma a duba shafukan da suka gabace ta.

Wasu alamu ba sa jiran awo: numfashi da baki buɗe, dasashi fari fat ko shuɗi, farfaɗiya, jinin da ya ƙi tsayawa, kasa fitsari. Karɓi lambar da za ka samu likita da dare, ka kuma tambayi yadda za a yi a ƙarshen mako da hutun salla.

Ko a bar ta, ko a hutar da ita

Mutane da yawa suna fatan su wayi gari su tarar ta tafi cikin barci. Yana faruwa, amma ba shi ne galibi ba. Mutuwar daji kan ɗauki kwanaki: ƙishirwa, sanyin ƙafafu, numfashi mai yankewa, wani lokaci shaƙewa in ruwa ya cika ƙirji. Wanda ya zaɓi ya bar ta har lokacinta, wajibinsa ne maganin zafi ya ci gaba har ƙarshe ta hanyar da ba sai ta haɗiya ba.

Ta fuskar addini, malamai sun saɓa. A mazhabar Malikiyya, wadda aka fi bi a ƙasar Hausa, an halatta kawo ƙarshen ran dabbar da ba a cin namanta idan an ɗebe tsammanin rayuwarta, don a hutar da ita. Malaman Shafi'iyya sun hana. Wanda zuciyarsa ba ta natsu ba ya tambayi malamin da ya amince da shi, ya kai masa bayanin likita yadda yake. Abin da babu saɓani a kansa shi ne haramcin azabtarwa, ga hadisin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare ba ci ba sha. Saka ta a buhu a yar a bayan gari, ko shinkafar ɓera, ko nutsarwa a ruwa, duk azaba ce mai tsawo, ba hutarwa ba.

A wurin likita, ga yadda abin yake. Tambayi tun kafin ranar wane magani zai yi amfani da shi, ko zai iya zuwa gida, kuma ka biya kuɗin tun farko don kada ka tsaya lissafi bayan an gama. A ranar ba ta maganin zafinta kamar kullum, da duk abin da take marmari. Allura biyu ce. Ta farko ta barci ce, a tsoka ko ƙarƙashin fata, cikin minti biyar zuwa goma za ta saki jiki. Ta biyu a jijiya, yawanci fentobabital mai yawa, numfashi ya tsaya, zuciya ta bi cikin minti ɗaya ko biyu. Inda babu shi, likita kan yi amfani da wasu sinadaran masu tsayar da zuciya, kuma waɗannan ba su halatta ba sai ta yi nisa cikin barcin tiyata, har in an matse yatsarta ba ta janyewa. Kana da haƙƙin ka ce a gwada a gabanka. Idanunta za su kasance a buɗe, tana iya sakin fitsari, jiki na iya motsawa ko ta ja dogon numfashi sau ɗaya ko biyu. Ba ta jin komai a lokacin. Likita zai sa abin sauraro ya tabbatar zuciya ta tsaya kafin ka ɗauke ta.

Yara a gaya musu gaskiya daidai hankalinsu: ta yi ciwon da ba ya warkewa, ta mutu. Cewa ta ɓata yana sa su yi ta leƙen ƙofa.

Gawar tana ɗauke da maganin, kuma kare ko ungulun da ya ci zai iya mutuwa, don haka ba a jefa ta a bola ko kwata. Naɗe ta a tsumman auduga, haƙa rami mai zurfin mita ɗaya nesa da rijiya da hanyar ruwa, ka ɗora dutse ko bulo a kai. Ragowar magunguna, musamman na kemo da masu sa maye, a mayar wa likita. In gwajinta ya nuna FeLV, wanke kwanoni da tiren yashi da ruwan bilic, ka kai sauran kyanwoyin gidan gwaji, domin ta yawu da kwano ɗaya take yaɗuwa tsakaninsu, sannan a sake gwada su bayan wata ɗaya zuwa biyu kafin a kawo wata sabuwa.